Hedifon mai kashe ƙara

Hedifon mai kashe ƙara wani nau'in abin sauraro ne da ake ɗorawa a kai ko a cusa a kunne, wanda ke amfani da makirufo da batir wajen rage ƙarar da ke kewaye da mutum kafin ta kai ga dodon kunnensa. A jikin kwalinsa galibi ana rubuta haruffan ANC. Yawancin waɗanda ake ƙerawa yanzu ba su da igiya, ta Bluetooth suke haɗuwa da wayar hannu ko kwamfuta. Manyan samfuransa na kamfanonin Sony, Bose, Apple da Sennheiser suna cikin kayan sauraro mafi tsada da ake sayar wa jama'a, shi ya sa ake yawan tambayar ko sun cancanci kuɗinsu. Amsar ta dogara ne da irin ƙarar da mutum yake zaune a cikinta, da yawan sa'o'in da zai riƙa sa shi, da kuma yanayin garin da yake.

Tarihi

Wani Bajamushe mai suna Paul Lueg ne ya fara rubuta dabarar kashe sauti da sauti, kuma Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira a 1936. Sai dai kayan lantarkin wancan zamani ba su da saurin da za su aiwatar da abin da ya zana. A shekarun 1950 aka ci gaba da gwaji a Amurka domin kare kunnuwan matuƙan jiragen sama da masu saukar ungulu.

A 1978 Amar Bose, malami a jami'ar MIT kuma mai kamfanin Bose, yana cikin jirgi daga Zurich zuwa Boston, ya ga ƙarar injin ta hana shi jin daɗin kiɗan da yake saurare, sai ya fara lissafin maganin matsalar tun kafin jirgin ya sauka. A Disamban 1986 Dick Rutan da Jeana Yeager suka sa samfurin gwaji na Bose lokacin da suka kewaya duniya cikin kwana tara a jirgin Voyager ba tare da sauka ko ƙarin mai ba. Kamfanin ya fitar da na matuƙan jirgi kasuwa a 1989, sannan QuietComfort na fasinjoji a 2000. Shekarar 2016 ce ta sauya kasuwar: Bose ya fitar da QuietComfort 35 marar igiya, Sony ya fitar da MDR-1000X, Apple kuma ya cire ramin iyafis daga iPhone 7. AirPods Pro ya biyo baya a 2019.

Yadda yake aiki

Sauti girgizar iska ce: matsin iskar ya ƙaru, ya ragu, sau da yawa a cikin daƙiƙa guda. Makirufon hedifon yana ɗaukar ƙarar waje, wata ƙaramar ƙwaƙwalwar lantarki ta lissafa kishiyarta, sifikar ta fitar da ita. Duk inda ƙarar waje ta turo iska, kishiyar sai ta ja, su soke juna, kamar mutum biyu masu ƙarfi ɗaya da ke tura ƙyaure ta ciki da ta waje. Wasu hedifon makirufonsu a waje yake, wasu a ciki kusa da kunne, masu tsada kuma suna haɗa duka biyun. Sony WH-1000XM5 yana da makirufo takwas.

Dabarar tana da iyaka, kuma wannan iyakar ce ya fi kamata mai saye ya fahimta. Sauti yana gudun kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka daga makirufon waje zuwa kunne bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma na daƙiƙa ba. Sauti mai kauri, kamar dirin inji da ke girgiza sau 100 a daƙiƙa, tsawon zangonsa ya kai mita 3.4, kuma yana maimaita kansa, saboda haka na'urar tana iya cin masa. Sauti mai kaifi da ke girgiza sau 5,000 a daƙiƙa zangonsa bai kai santimita 7 ba, kuskure kaɗan a lokaci sai kishiyar ta ƙara shi maimakon ta rage. Shi ya sa aikin kashe ƙarar ya fi ƙarfi a sautukan da ke ƙasa da girgiza 1,000 a daƙiƙa, inda mai kyau kan rage desibel 20 zuwa 30. Kunnen ɗan Adam yana jin ragin desibel 10 kamar ƙarar ta ragu da rabi.

A aikace, hedifon yana cinye dirin janareto, rugugin injin mota, ƙarar fanka da ta na'urar sanyaya ɗaki. Ba ya iya yi wa kukan jariri, carar zakara, hon na babur, bugun guduma ko surutun 'yan kasuwa haka. Abin da ke rage waɗannan shi ne soson da ya rufe kunne, kuma soso mai kyau ana samunsa a hedifon mai araha. Iska ma matsala ce: in tana bugun makirufo kai tsaye, kamar a kan babur ko kusa da buɗaɗɗiyar tagar mota, mai sauraro yakan ji huci a kunnensa.

Farashi

A Amurka an fara sayar da Sony WH-1000XM4 a 2020 kan dala 350, WH-1000XM5 a 2022 kan dala 400, WH-1000XM6 a 2025 kan dala 450. AirPods Max na Apple ya fito a Disamban 2020 kan dala 549. Duk waɗannan shigo da su Najeriya ake yi, don haka farashinsu yana bin canji. Bayan da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kusan naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a 2024. A canjin 1,500, hedifon na dala 400 ya kama naira 600,000 tun kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Wannan ya haura albashin wata takwas na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024.

Akwai matsakaita. Soundcore Life Q30 na kamfanin Anker ya fito kan kusan dala 80, yana kashe ƙara, batirinsa kuma yana kai sa'a 40, alhali na WH-1000XM5 sa'a 30 ne, na AirPods Max sa'a 20. Oraimo, wanda ke ƙarƙashin Transsion mai wayoyin Tecno, Infinix da itel, shi ma yana da samfura masu ANC, kuma kayansa sun fi sauƙin samu a shagunan waya na arewacin Najeriya. A kan dirin inji tazarar da ke tsakanin matsakaici da mai tsada ba ta kai tazarar kuɗinsu ba. Inda mai tsada ya yi zarra shi ne rage muryoyin mutane, tsaftar murya a kiran waya, daɗin sawa na dogon lokaci, da ingancin sautin kiɗa.

Hanya mai sauƙi ta auna cancanta ita ce raba kuɗin da sa'o'in amfani. Wanda ya sayi na naira 600,000 ya yi shekara uku yana sa shi sa'a huɗu kullum, kowace sa'a ta tsaya masa kusan naira 137. Wanda zai sa shi sa'a ɗaya kawai a mako, a shekara ukun kowace sa'a ta tsaya masa fiye da naira 3,800.

Amfani da shi a Babura da kewaye

Babura hedikwatar ƙaramar hukuma ce a arewa maso yammacin jihar Jigawa, kusa da iyakar Nijar ta Babban Mutum. Da ita da Kazaure, Roni da Gwiwa, cinikinsu na kayan lantarki ya fi karkata Kano. Kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura a 2021, da kasancewar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu a Kazaure, sun tara ɗalibai da malamai masu karatu da aiki da kwamfuta, waɗanda su ne suka fi kusa da buƙatar irin wannan na'ura.

Ta fuskar ƙara, yankin ya dace da ita. Janareton maƙwabta, injin niƙa, injin ban ruwa na masu noman rani, da dirin motar haya a hanyar Babura zuwa Kano duk sautuka ne masu kauri masu maimaita kansu, irin waɗanda aka ƙirƙiri na'urar dominsu tun asali. Ɗalibin da ke karatun dare a ɗakin haya kusa da janareto zai ji bambanci a daƙiƙar da ya danna maɓallin.

Ta fuskar yanayi kuwa, lamarin ya sha bamban. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura digiri 40. Batirin litiyam yana saurin tsufa a zafi, kuma masu ƙera na'urorin galibi suna ba da shawarar kada a yi caji a wurin da ya wuce digiri 35. Barin hedifon a cikin mota ko a ɗaki mai rufin kwano da tsakar rana yana rage masa kwana. Soson kunnen, wanda yawanci fatar roba ce, yana tara gumi, daga baya ya tsattsage ya riƙa ɓarewa, kuma da zarar ya daina rufe kunne ruf, kashe ƙarar ma ta yi rauni. WH-1000XM5 da AirPods Max duka ba su da shaidar jure ruwa ko gumi. Ƙurar hunturu tana toshe ƙananan ramukan makirufo. Mutane da yawa ba sa iya jure babban hedifon a kai da rana tsaka, sai su koma ƙananan na cusawa a kunne, waɗanda batirinsu ƙarami ne, kuma in ya mutu da wuya a canza shi.

Ƙarancin wuta bai cika zama cikas ba, domin batir mai sa'a 30 yana iya kai mutum mako, kuma fawa bank ko ƙaramin sola yana cika shi. Gyara ne babbar matsala. In sandar kai ta karye ko batir ya kumbura, mai shi sai ya nufi Kano, kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut, kuma kayan gyaran manyan samfura ba kullum ake samunsu ba. Garantin kayan da aka sayo daga wata ƙasa sau da yawa ba ya aiki a wajenta.

Abin da ake saurare ma yana shiga lissafi. Mai tsada yana nuna bajintarsa ne a kan kiɗa mai inganci, ta tsarin aika sauti irin LDAC na Sony, wanda Android ke ɗauke da shi tun 2017 amma iPhone ba ya amfani da shi. Saƙon murya na WhatsApp, karatun malamai da aka ɗauka da waya, da waƙoƙin da ake turawa a shagunan masu tura fim, duk an riga an matse su, hedifon ba zai mayar musu da abin da aka cire ba. Ga masu sauraron rediyo kuma akwai wani abu: wayoyi da yawa suna amfani da igiyar iyafis a matsayin eriyar FM, don haka marar igiya ba zai kama tasha ba sai ta intanet, wato sai an kashe data.

Jabu da na hannu

Kasuwa cike take da jabun AirPods da na wasu manyan samfura, har da kwali da lambar shaida. Tun daga iOS 16 a 2022, iPhone yana gargaɗin mai shi idan ya kasa tantance AirPods ɗin da aka haɗa masa. Na Sony da na Bose ana gwada su da manhajar kamfanin, domin jabu galibi ba ya buɗuwa a cikinta. Gwajin da ya fi sauƙi shi ne a tsaya kusa da janareto ko fanka, a sa hedifon ba tare da kunna komai ba, a kunna kashe ƙara a kashe. In dirin bai faɗi ƙasa ba, babu komai a ciki sai suna.

Ana kuma yawan rikita ANC da ENC. Na biyun yana tsaftace muryar mai magana ne domin wanda ke ɗaya ɓangaren kiran ya ji shi sosai, ba ya rage wa mai sanye da shi ƙarar komai. Na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka sun fi sauƙin kuɗi, amma batirinsu ya riga ya ci wani rabo na rayuwarsa, kuma ba a gane hakan da ido.

Lafiya da haɗari

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da matasa biliyan ɗaya na fuskantar barazanar raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. Ma'aunin da ta bayar ga manya shi ne desibel 80 na sa'a 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. Mutum a cikin mota ko kusa da inji yakan ƙure sautin wayarsa don ya danne ƙarar waje. Hedifon mai kashe ƙara yana ba shi damar ji da ƙaramin sauti, kuma wannan ita ce fa'idarsa mafi ƙarfi ga lafiya. Amma ba kayan kariya na wurin aiki ba ne. Mai aikin injin niƙa, mai yankan katako ko mai walda ya fi buƙatar matoshin kunne na soso da aka yi don haka, wanda kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Wasu mutane suna jin kamar an toshe musu kunne, ko ɗan jiri, idan suka kunna shi, shi ya sa ake son mai saye ya gwada na wasu mintuna kafin ya biya. A kan titi kuma haɗari ne ga mai babur da mai tafiya a ƙasa, domin dirin motar da ke tahowa ta baya shi ne ainihin sautin da na'urar ta fi iya kashewa. Faransa ta haramta wa direbobi da masu keke sa abin sauraro a kunne tun 1 ga Yulin 2015. Yawancin samfuran zamani suna da maɓallin da ke shigo da sautin waje, wanda ke da amfani a gari irin Babura, inda rashin amsa sallamar babba ba ƙaramin abu ba ne ko da kunne a rufe yake.