TARIHIN VR: ME YA SA ƘARAMAR LAFTOF TAKE KASA ƊAUKARSA?



Ana yawan tambayata a shago: "Laftof ɗina mai RAM 4GB za ta iya VR?" Kafin ka kashe kuɗinka a kan tabarau ɗin nan, tsaya ka ji tarihin abin, amsar tana ciki.

VR ba sabon abu ba ne. A 1968 wani masani a Amurka, Ivan Sutherland, ya haɗa na'urar da ake sawa a kai a ga zane kamar yana gabanka. Don nauyinta, sai da aka rataye ta a silin. A 1995 Nintendo ya fito da Virtual Boy mai hoto ja da baƙi kawai. Mutane suka yi ta kukan ciwon kai, bai yi ƙarko a kasuwa ba.

Harkar ta kwanta har 2012, lokacin da wani matashi, Palmer Luckey, ya tara kusan dala miliyan 2.4 a Kickstarter don ya ƙera Oculus Rift. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin kan kimanin dala biliyan 2.

A nan ne masu ƙananan laftof suka sha kashi. Rift ɗin da ya fito a 2016 yana buƙatar hoto 90 a kowane sakan, kuma kowane ido da nasa. Wato kwamfuta tana da wajen milisakan 11 kacal ta zana hoto biyu. A gem na yau da kullum, in ya yi sanyi haushi kawai za ka ji. A VR kuwa, in ka juya kai hoto ya makara, jiri ne zai kwashe ka, wani ma har amai. Shi ya sa kamfanin ya nemi GTX 970, da Core i5-4590, da RAM 8GB. Akwai kuma wata matsalar: a laftof da yawa ramin HDMI yana haɗe ne da ƙaramin girafik na Intel, ko da akwai Nvidia a ciki. Sai ka jona tabarau ya ƙi kawo hoto.

Daga nan aka shiga dabaru. A ƙarshen 2016 Oculus ya kawo ASW: kwamfuta ta zana hoto 45, manhaja ta ƙirƙiri sauran 45 ta cike giɓin. Wannan ya sauko da buƙata zuwa GTX 960. A 2017 Microsoft ya kawo Windows Mixed Reality, wanda yake aiki ko da Intel HD 620, amma a hoto 60. Shi ma an cire shi daga Windows 11 a 2024. Su Trinus da VRidge kuma suka riƙa tura hoto daga kwamfuta zuwa waya, sai dai har yanzu laftof ɗin ce ke zanen, ga kuma ƙarin aikin turawa.

Abin da ya fi burge ni a matsayina na mai gyaran waya shi ne, mafitar daga waya ta fito. Da aka kwance Oculus DK2 na 2014, sikirin ɗin Galaxy Note 3 aka tarar a ciki. A shekarar ne Google ya fito da Cardboard, kwali da gilashi biyu ka zura wayarka. A 2019 Oculus Quest ya fito da Snapdragon 835, irin na wasu Galaxy S8, ba ya buƙatar kwamfuta sam. Quest 2 ya biyo baya a 2020 kan dala 299.

To, shawarata: in laftof ɗinka Intel HD ko UHD kawai take da shi, kar ka sayi tabarau mai jonawa da kwamfuta, kuma ƙara RAM ba zai gyara ba, girafik ne matsalar. In ɗanɗanawa kake so, duba ko wayarka tana da gyroscope, ka samo akwatin VR mai araha, ka kalli bidiyon 360 a YouTube. In ka ji jiri, cire ka huta.

Wacce laftof gare ka? Rubuto sunanta a ƙasa mu duba tare.