Daga Trovan Zuwa Wankan Gishiri

Wa ya tuna daren gishiri? A watan Agustan 2014, bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da cutar Ebola, tun kafin asuba wayoyi suka ɗau ƙara: "Ku tashi ku yi wanka da ruwan zafi da gishiri, ku kuma sha!" Ni kaina sai da gwaggona ta kira ni sau uku. Ba wanda ya tsaya tambayar wa ya faɗa. Aƙalla mutum biyu suka rasu saboda shan ruwan gishirin, aka kwantar da wasu a asibiti. Ita kuwa Ebolar, mutum 20 ta kama a duk Najeriya, 8 suka rasu, kuma ko leƙo Arewa ba ta yi ba.

Amma kafin wani ya ce ai jahilci ne ke damun mutanenmu, mu ɗan koma baya.

A 1996 annobar sanƙarau ta ɓarke a Arewa. Kamfanin Pfizer na Amurka ya zo asibitin cututtuka masu yaɗuwa na Kano, ya yi gwaji a kan yara kusan 200: rabi aka ba su sabon maganinsa Trovan, rabi wani maganin da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, wasu suka kurumce ko suka nakasa. Iyaye suka ce ba a sanar da su gwaji ake yi ba, kamfanin ya ce cutar ce ta yi ɓarnar. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75.

Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Da jita-jitar rigakafin shan inna ta taso a 2003, wannan tabon na cikin abin da ya sa mutane suka gaskata. Kano ta dakatar da rigakafin har zuwa tsakiyar 2004. Wa ya kwana a ciki? Yaranmu da suka shanye, cutar kuma ta tsallaka ƙasashen da da sun rabu da ita.

A ƙarshen 2008 ma ga My Pikin, ruwan maganin haƙoran jarirai da ake saya a kemis. Gubar da ta gurɓata shi ta lalata ƙodar yara, 84 suka rasu. To ka ga kwalba da kwali ma ba su ne shaidar lafiya ba.

Sai dai a lura: Trovan an san wanda ya yi shi, an kai shi kotu. My Pikin NAFDAC ta gano gubar, ta janye shi, an hukunta masu laifi. Mai jarka da lasifika a tasha fa, wanda kwalba ɗaya ke maganin basir da shawara da sanyi da ciwon suga? In ƙodarka ta tsaya, ina za ka gan shi?

Ba raina itatuwa nake ba, wallahi. Maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba mu a asibiti yau, asalinsa wani ganye ne dangin tazargade. Wata 'yar China, Tu Youyou, ta bi tsofaffin littattafan maganin gargajiyarsu, ta tace sinadarin a 1972, aka gwada, aka auna, har ta samu kyautar Nobel a 2015. Ganyen bai canza ba. Awo da gwaji aka ƙara masa.

Don haka, jama'a, ko daga kicin ya fito ko daga kemis, a yi tambaya: me ke ciki? Nawa ake sha? Wa ya gwada? Wa za a kama in ya yi illa? Zuma da lemon tsami don mura, ba laifi. Amma yaro na zazzaɓi yana jijjiga, ko mai ciki na zubar jini, ba lokacin jiƙo ba ne. In kuma kana shan sassaƙe tare da ƙwayar hawan jini, ka faɗa wa likita, kar ka ɓoye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.