Jiaozi: abincin Sinawa da ake turarawa

Jiaozi wani abinci ne na Sinawa da ake yi da kwaɓin garin alkama. Ana murza kwaɓin ya yi falle-falle, a zuba masa haɗin nama da ganye, a naɗe shi, sa'annan a dafa. Ya fi karɓuwa a arewacin ƙasar Sin, inda ake noman alkama sosai, kuma da wuya a yi bikin sabuwar shekarar gargajiya a can ba tare da shi ba.

Asalinsa

Sinawa na danganta abincin ga wani likita mai suna Zhang Zhongjing, wanda ya rayu a ƙarshen zamanin daular Han, tsakanin ƙarni na 2 da na 3 miladiyya. Hikayar ta ce ya ga tsananin sanyi ya raunata kunnuwan talakawa, sai ya dafa naman rago da magunguna, ya naɗe su a cikin kwaɓi mai siffar kunne ya rarraba musu.

Masu binciken kayan tarihi kuma sun tono busassun jiaozi a maƙabartar Astana da ke kusa da birnin Turpan na jihar Xinjiang. Sun samo asali ne tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga shekarar 618 zuwa 907.

Siffarsa ta yi kama da curin azurfar da ake ciniki da shi a da, don haka ake ɗaukarsa alamar fatan arziki. A jajibirin sabuwar shekara iyali kan taru su naɗe shi tare, wasu ma kan ɓoye tsabar kuɗi a cikin guda ɗaya.

Ire-irensa

Hanyoyi uku ake bi wajen dafa shi: a tafasa a ruwa, ko a soya gindinsa a kasko, ko a turara. A lardin Guangdong da Hong Kong turarawa ta fi yawa, inda ake cin ƙananan abinci da shayi waɗanda ake kira dim sum. Cikinsu akwai har gow, mai jatan lande da ɓawo garai-garai, da kuma siu mai, wanda ake barin samansa a buɗe, ana haɗa masa nama da jatan lande.

Yadda ake haɗa shi a gida

Wanda za a turara, da ruwan zafi ake kwaɓa shi, domin ruwan zafi kan sa ɓawon ya yi laushi. Garin alkama giram 300 na buƙatar ruwa kimanin mililita 160. Bayan an murza, sai a rufe kwaɓin ya huta kamar rabin sa'a.

Shi kuwa haɗin, ana samun niƙaƙƙen nama mai ɗan kitse, don kada ya bushe. A ɓare jatan lande, a cire baƙin zaren da ke bayansa, a yayyanka shi da ɗan girma yadda za a ji shi a baki. Sai a zuba ɗanyar citta, da lawashin albasa, da gishiri, da man riɗi, da ruwan ɗanɗano na waken soya. Masu girkin Sinawa kan juya haɗin ta ɓangare guda har sai ya yi danƙo. Idan za a sa kabeji, a barbaɗa masa gishiri a matse ruwansa tukuna, in ba haka ba zai jiƙa ɓawon ya yage.

Daga nan a gutsuttsura kwaɓin, a murza kowane ya zama da'ira kamar tafin hannu, tsakiya ta fi gefe kauri. A ɗora cokali guda na haɗin, a ninke, a tsuke bakin sosai.

Sinawa na amfani da kwandon gora mai hawa-hawa, amma madambaci ma zai yi. A shimfiɗa ganyen kabeji don kada ya manne, a bar tazara a tsakani, a turara na minti 10 zuwa 12 bayan ruwa ya tafasa. Ana cinsa da zafinsa, ana tsomawa a ruwan tsami na binega da yaji.

Batun halal

Mafi yawan jiaozi da siu mai da ake sayarwa a gidajen abinci da naman alade ake yi, kuma akan ɗiga musu giyar shinkafa ta girki. Ko wanda aka ce na jatan lande ne, sau da yawa akwai kitsen alade a ciki.

Sai dai Musulmin ƙasar na da nasu. 'Yan ƙabilar Hui, waɗanda ƙidayar shekarar 2020 ta nuna sun haura miliyan 11, da naman rago ko na shanu suke yi. Gidajen abincinsu na ɗauke da alamar qingzhen, wato halal. Wannan alama ce ya kamata 'yan kasuwar da ke zuwa sarin kaya birnin Guangzhou su riƙa dubawa kafin su zauna cin abinci.