Yadda Na'urori Ke Magana Da Juna A Ƙasan Rijiyar Mai Ba Tare Da Kebul Ba

Duk wanda ke zaune a Fatakwal ko Warri ya saba ganin tireloli ɗauke da dogayen bututun ƙarfe suna fitowa daga Trans-Amadi ko tashar ruwa ta Onne. Da yawanmu muna ɗaukarsu fayif ne kawai. To wasunsu ba fanko ba ne, akwai kwamfuta da batir da ma'aunai a cikinsu, kuma a can ƙasan rijiya suna aika wa juna saƙo, suna aiko wa mutanen sama. Yau zan yi bayanin yadda hakan ke faruwa a wurin da babu sabis, babu kebul.

Me ya sa ake bukatar saƙon?

Rijiyar mai a Neja Delta takan kai zurfin mita 3,000 ko fiye. Kuma ba a miƙe take tafiya kamar rijiyar burtsatse ba. Ana karkata ta, wani lokaci har a kwantar da ita ta bi cikin shimfiɗar yashin da man yake. Ƙasar yankin hawa-hawa ce: dutsen yashi, sai dutsen yumɓu, sai yashi kuma. Man yana cikin yashin, kuma wata shimfiɗar kaurinta 'yan mitoci ne kawai. Mai tuƙa haƙorin injin yana sama, ba ya ganin komai. Dole wani abu ya gaya masa inda haƙorin ya dosa, irin dutsen da yake ci, da ƙarfin matsin da ke ramin. Shi matsin nan maganar rai ce, don in iskar gas ta kutso cikin rijiya ba a lura da wuri ba, tana iya tasowa sama ta kama da wuta da mutane a kan injin.

A da, sai an tsayar da haƙa, an zare bututu gaba ɗaya, sannan a zura ma'auni da kebul. 'Yan uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, su ne kamfaninsu ya fara irin wannan awo na lantarki a Faransa a 1927, kuma da irin wannan hanya ake aiki lokacin da aka samu mai a Oloibiri a 1956. Sai a 1978 wani kamfani mai suna Teleco ya fara sayar da aikin awo ana cikin haƙa. Ma'aikatan mai suna kiran wannan aiki MWD.

Me ya hana a sa kebul ko rediyo?

Bututun haƙa guntu-guntu ne, kowane kamar mita 9, ana ɗaura wani a kan wani, kuma duk jerin juyawa yake yi. Kebul ɗaya dogo ba zai jure wannan ba. Shi kuma sigina irin na wayar hannu ba ya ratsa dutse da ruwan gishiri. Ko cikin rijiyar gida ka shiga da waya, ai ka ga yadda sabis ke raguwa, balle kilomita uku.

Hanya ta farko: bugun laka

Wannan ita aka fi amfani da ita. Lokacin haƙa, manyan famfuna suna tura ruwan laka na musamman ta cikin bututu zuwa ƙasa, ya sanyaya haƙori, ya kwaso ɓarɓashin dutse ya dawo sama ta gefe. To a ƙasa akwai wani bawul a cikin bututun. In ya ɗan matse hanyar lakar, matsi zai ƙaru har a ji a sama, in ya saki ya ragu. Kamar dai ka taka tiyo ana ba shanu ruwa, wanda ke wajen famfo zai gane. Matse da saki, matse da saki, shi ne 1 da 0 na kwamfuta. Kusan yadda mai kalangu ke kiran sunan mutum da kiɗa, wanda ya san salon ya fahimta.

Bugun yana gudu cikin laka sama da mita 1,000 a daƙiƙa, saboda haka daga mita 3,000 cikin daƙiƙa biyu zuwa uku ya iso. Matsalar ita ce yawan abin da zai iya ɗauka. Galibi ƙwayar saƙo kaɗan ce a daƙiƙa ɗaya. Bari mu yi lissafi da uku: saƙon tes mai harafi 160 zai ci kamar minti shida, ƙaramin hoto na WhatsApp mai kilobait 100 kuwa sai ya yi kwana uku yana hawowa. Shi ya sa na'urar ba ta surutu. Tana zaɓar abin da ya fi muhimmanci ta aiko, sauran ta ajiye a memori sai ranar da aka fito da ita. Kuma in an kashe famfo don ƙara bututu, magana ta tsaya. In gas ya cakuɗu da lakar, bugun yakan yi rauni.

Hanya ta biyu: lantarki ta cikin ƙasa

A nan ana raba bututun gida biyu da wani mahaɗi da ba ya wuce lantarki. Na'urar sai ta riƙa sakin lantarki mai kaɗawa a hankali, 'yan lokuta kawai a daƙiƙa, ya bi ta cikin ƙasa. A sama an kafa turakun ƙarfe da ke tsinto shi. Amfaninta shi ne ba ruwanta da famfo, ko an kashe tana magana. Amma zurfi da ruwan gishiri suna shanye ƙarfinta, don haka ta fi dacewa da rijiyoyin tudu marasa zurfi sosai. A wuri irin filin Bonga, inda zurfin teku kaɗai ya wuce mita 1,000, ba ita ake dogaro da ita ba.

Akwai kuma masu aika sauti ta jikin ƙarfen bututun, tare da na'urorin da ke karɓa su ƙara masa ƙarfi a hanya. Sannan akwai bututu mai kebul a cikin kowane guntu, wanda a mahaɗa saƙon ke tsallakawa ta maganaɗisu. Irin na IntelliServ yana ɗaukar ƙwayar saƙo kusan 57,000 a daƙiƙa, sai dai tsada ta sa bai yaɗu kamar bugun laka ba.

Gajeren tsalle: magana tsakanin na'ura da na'ura

Wannan ɓangaren ne mutane suka fi mantawa. Na'urar da ke bugun laka ba a bakin haƙori take ba. Tsakaninsu sau da yawa akwai wata doguwar mota da ƙarfin laka ke juyawa, ita ke murza haƙorin. Ga shi kamfas ɗin na'urar yana son nesa da ƙarfen da ke jan maganaɗisu. Sai ka tarar ma'aunan suna bayan haƙori da mita 15 ko fiye. Ma'ana, in haƙori ya fita daga yashin mai ya shiga yumɓu, sai an ƙara haƙa mita 15 kafin a sani. Labari ya zo, amma aikin gama ya gama.

Maganin shi ne a sa ƙaramin ma'auni mai batir dab da haƙori. Yana auna karkatar rami da wani haske da ido ba ya gani mai suna gama, wanda dutsen yumɓu ke fitarwa fiye da yashi. Tunda zura kebul ta cikin mota mai juyawa abu ne mai wuya, sai ya tsallake ta: ya aika saƙon da lantarki ta cikin laka da dutsen gefe, ko da sauti ta jikin ƙarfe, zuwa mai karɓa da ke saman motar. Shi kuma ya miƙa wa mai bugun laka, ya kai sama. Tafiyar gajera ce, shi ya sa ƙaramin batir ke isa. Haka ma na'urorin zamani masu karkata haƙori da kansu, wasunsu ta wannan hanya suke ba da rahoton abin da suke yi.

Daga sama zuwa ƙasa fa?

Mutanen sama ma suna ba da umarni. Sukan rage gudun famfo su ƙara bisa wani tsari da aka shirya, ko su canza saurin juya bututu. Na'urar ƙasa tana jin canjin ta farfelar da ke ba ta wuta, sai ta gane an ce ta karkata hagu ko ta ɗaga kai. Duk wannan tana yinsa cikin girgiza da zafin da aka gina yawancinsu su jure har digiri 150.

Ina ruwanmu?

Akwai ma'aikaci da ke zaune a ɗan ɗaki kusa da injin, aikinsa karanta waɗannan saƙonni da tace su daga hayaniyar famfo. Akwai masu gyara na'urorin a bita. Aiki ne na mai ilimin lantarki, lissafi ko kimiyyar ƙasa, kuma yaranmu da aka haifa a nan kudu sun fi kowa kusa da shi. Makarantar PTI da ke Effurun kusa da Warri tana koyar da aikin mai, hukumar PTDF kuma tana ba da tallafin karatu a fannin. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da aikin Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe, kun ga ilimin zai yi amfani har gida. Wanda ke da ƙane mai ƙoƙari a fiziks da lissafi, don Allah ya nuna masa wannan rubutu. Allah ya sa mu dace.