Warwatsuwar Nazarin Hausa Cikin Mujallu

Duk ɗalibin da ya taso daga Yelwa ya nufi laburare a nan Mubi domin neman abin da magabata suka rubuta a kan Hausa, zai tarar ba a wuri ɗaya yake ba. Wannan matsala kuwa ta girmi Jami'ar Jihar Adamawa, wadda aka kafa a 2002.

A shekarar 1934 wani ma'aikacin laburare a Landan, Samuel Bradford, ya ƙididdige maƙalu 1,332 na wani reshen kimiyyar ƙasa. Ya gano mujallu 9 kacal sun ɗauki 429, wasu 59 sun ɗauki 499, ragowar 404 kuma sun bazu cikin mujallu 258. Ashe kashi ɗaya cikin uku na ilmin fanni yana hannun mujallu ƙalilan, amma na ƙarshe sai an sha yawo.

Haka nazarin Hausa ya kasance. Tun da Schön ya buga littafinsa na kalmomin Hausa a 1843, akasarin rubuce-rubucen a Turai suka fito. Mujallar Africa ta soma a Landan a 1928, ga Afrika und Übersee a Hambug, ga Journal of West African Languages daga 1964. Sai a farkon shekarun 1970 Harsunan Nijeriya ta bayyana a Kano. Sauran maƙalu sun ɓuya cikin mujallun tarihi, addini da kiɗa. Shi ya sa Sergio Baldi a 1977, da Paul Newman a 1996, suka tattara sunayensu cikin kundi.

Sanin sunan maƙala daban, samunta daban. Da darajar naira ta faɗi bayan shirin SAP na 1986, laburarori da dama sun daina sayen mujallun waje, aka bar giɓin shekaru a kan kantoci. Intanet ta rage nisa, amma mujallun sassan jami'o'inmu da yawa ba su hau ta ba, kuma kwafi kaɗan ake bugawa. Mu da muka ga an rufe makarantun Mubi a 2014 mun san takarda ba ta da tabbas.

Saboda haka, ya kamata kowane laburare ya mallaki mujallun nan ƙalilan da su ne ginshiƙi, sauran kuma a yi aron juna tsakanin Mubi, Yola, Maiduguri da Kano, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mu kuma, in mun buga mujalla, har da wannan, mu aika wa kowannensu kwafi.