Kakar 2015 ta Missouri Tigers: Shekarar da 'yan wasa suka tilasta wa shugaban jami'a murabus

Missouri Tigers ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafar Amurka ta Jami'ar Missouri da ke birnin Columbia. Wasa ne mai kama da zari-ruga, wanda ke samar wa manyan jami'o'in ƙasar miliyoyin daloli. A kakar 2015 ƙungiyar ta buga wasa 12, ta yi nasara a 5, ta sha kashi a 7. Ana tunawa da kakar ne saboda ƙaurace wa wasa da 'yan ƙungiyar suka yi a watan Nuwamba, abin da ya kai ga saukar shugaban jami'ar.

Yadda wasannin suka gudana

Ƙungiyar ta shiga kakar ƙarƙashin koci Gary Pinkel, wanda ke jan ragamarta tun 2001, bayan ta lashe rukunin gabas na gasar SEC a 2013 da 2014. Ta ci wasa huɗu cikin biyar na farko, daga nan aka doke ta sau huɗu a jere. Cikin wasa takwas na gasar SEC, ɗaya kacal ta ci.

Tushen rikicin

Tun bayan da ɗan sanda ya harbe Michael Brown a garin Ferguson na jihar a Agustan 2014, batun wariyar launin fata ya yi zafi a Missouri. A 2015 ɗalibai baƙar fata suka yi ta kokawa kan zagin ƙasƙanci da ake yi musu a harabar jami'ar, suna zargin hukuma da yin kunnen uwar shegu. Suka kafa ƙungiyar Concerned Student 1950, sunan da ke nuni ga shekarar da jami'ar ta fara karɓar baƙar fata. Ranar 2 ga Nuwamba wani ɗalibin digiri na biyu, Jonathan Butler, ya shiga yajin cin abinci, ya ce ba zai janye ba sai shugaban jami'ar, Tim Wolfe, ya sauka.

Matakin 'yan wasa

Daren 7 ga Nuwamba 'yan wasa baƙar fata kimanin 30 suka sanar cewa ba atisaye, ba wasa, har sai Wolfe ya bar kujerarsa. Washegari Pinkel ya wallafa hoton 'yan ƙungiyar a Twitter, ya mara musu baya.

A lokacin ba a biyan 'yan wasan jami'a albashi, tallafin karatu kawai ake ba su. Amma da wasan da aka shirya yi da Jami'ar BYU ranar 14 ga watan ya rushe, da sai Missouri ta biya diyyar dala miliyan 1. Ranar 9 ga Nuwamba, kwana biyu bayan sanarwar, Wolfe ya yi murabus. Shugaban harabar Columbia, R. Bowen Loftin, shi ma ya bayyana cewa zai sauka. Butler ya kawo ƙarshen yajinsa a ranar.

Abin da ya biyo baya

An buga wasan a birnin Kansas City, Missouri ta ci 20 da 16, nasararta ta ƙarshe a kakar. Ana jajibirin wasan Pinkel ya sanar cewa zai ajiye aiki saboda cutar daji, daga bisani Barry Odom ya gaje shi.

A Disamba wani ɗan majalisar jihar, Rick Brattin, ya gabatar da ƙudurin ƙwace tallafin karatu daga duk ɗan wasan da ya ƙi shiga fili ba don rashin lafiya ba, amma ya janye shi bayan ya sha suka. Yawan sababbin ɗaliban jami'ar kuma ya ragu ƙwarai a shekaru biyun da suka biyo baya.