Bugun Farko da Sa Hannun Mawallafi: Taƙaitaccen Tarihin Tarawa da Cinikin Tsofaffin Littattafan Hausa

1.0 Gabatarwa

Abin da ya jawo hankalinmu ga wannan batu ya faru ne a Kudenda, wato unguwar masana'antu da ke kudancin Kogin Kaduna, maƙwabciyar Nasarawa da Kakuri. Wata rana da la'asar muka tsaya wurin wata mai ƙosai, sai muka lura takardar da ta ƙunshe mana ƙosan da ita shafi ne na wani tsohon littafin Hausa. Da muka tambaya, sai ta jawo buhu guda, ta ce ta saye shi ne daga iyalin wani tsohon ma'aikacin masaƙa da ya rasu, waɗanda za su tashi daga gidan haya. A cikin buhun muka tarar da ƙananan littattafai bugun Zariya, da waƙoƙin ajami, da wani littafin soyayya wanda marubuciyarsa ta sa wa hannu, ta kuma rubuta kwanan wata. Abin da muka biya muka karɓi buhun bai kai kuɗin kwano biyu na shinkafa ba.

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu duba dalilin da ya sa littafin da ba a iya samun irinsa ya zama abin ƙunshe ƙosai. Ra'ayinmu shi ne, Bahaushe ya daɗe yana girmama abin da littafi ya ƙunsa, yana kuma girmama wanda ya wallafa shi, amma bai ba bugun farko wata daraja ta dabam ba. To, abin da ba shi da farashi a kasuwa kuwa ba safai magada suke adana shi ba, alhali bugun farko shi ne shaidar da mai nazarin tarihin adabi ba ya iya aiki sai da ita.

2.0 Gadon Malamai

Tara littattafai ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan injin ɗab'i malamai suna da gafakoki cike da littattafan rubutun hannu, kuma akwai masu sana'ar kwafa da masu sayarwa, musamman a Kasuwar Kurmi ta Kano. Mai kwafa yakan rufe aikinsa da “tammat”, sa'an nan sau da yawa ya ambaci sunansa, wani lokaci har da wanda ya kwafa dominsa. Kwafin da aka tabbatar da hannun mawallafi ne, ko na wani babban almajirinsa, ya fi sauran daraja nesa ba kusa ba. Amma darajar nan ta inganci ce da neman albarka, domin an ɗauka kuskure bai shige shi ba. Irin wannan littafi gadonsa ake yi, ko a bayar da shi kyauta ga wanda ya cancanta. Inda zuriya ta riƙe amana, kamar gidan Waziri Junaidu a Sakkwato, tarin yakan zauna wuri guda. Inda kuwa aka yi rabon gado tsakanin magadan da ba su bi hanyar karatu ba, sai littattafan su watse.

Abin lura a nan shi ne, a wajen malami tsufan kwafi ba shi ne abin nema ba. In takarda ta tsufa sai a kwafe ta a sabuwa, karatu ya ci gaba. Wannan fahimta ce aka shigo da ita zamanin maɗaba'a.

3.0 Zamanin Zariya

Kamar yadda aka sani, an kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da aka shirya a 1933 ita ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Magana Jari Ce ya biyo baya, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya, sa'an nan hukumar NORLA ta yi aiki a shekarun Yaƙi da Jahilci har zuwa 1959, ta baza ƙananan littattafai masu araha cikin boko da ajami. A 1966 kamfanin NNPC ya karɓi wannan aiki, ya riƙa maimaita buga tsofaffin littattafan domin makarantu.

Mai karatu zai iya cewa, tun da Ruwan Bagaja yana nan a kasuwa, mece ce damuwa in bugun 1934 ya ɓace? Amsar tana cikin ƙa'idojin rubutu. Lokacin da aka buga waɗannan littattafai biyar, haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, ba su zauna a rubutun Hausa ba tukuna, sai a ƙarshen shekarun 1930 suka kankama. Bayan haka an kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, an yi taron Bamako a 1966, da na Kano a 1972, da na Yamai a 1980, duk a kan daidaita rubutu. Saboda haka littafin da ɗalibi yake riƙe da shi yau ya bi ta hannun masu gyara da dama. Wanda yake son ya san yadda aka raba kalmomi a 1934, ko ya tabbatar ko an taɓa wata jimla, ba shi da makawa sai ya ɗora bugun farko kusa da na baya ya gwada. Bugu da ƙari, bango da zane-zane da farashin da aka buga a kai duk shaida ne game da waɗanda aka nufa da littafin.

4.0 Ƙananan Maɗaba'u

Ban da Zariya, akwai wata hanya da ba ta bi ta ofishin gwamnati ba. A Kano mawaƙa da malamai sukan kai rubutun hannunsu ƙananan maɗaba'u, irin su Oluseyi da Northern Maktabat, a ɗauki hotonsa a buga, a sayar a kasuwa da ƙofar masallaci. Waƙoƙin wa'azi da na ɗariƙa da na siyasa masu ɗimbin yawa ta haka suka fito, a takarda mai rauni, galibi ba shekara.

Daga tsakiyar shekarun 1980, sa'ad da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanoni suka ja da baya, sai matasa suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Yawancin masana suna sanya Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed, a 1984, a sahun farko. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna, ƙungiyoyi irin su Raina Kama suka kafu. Wannan shi ne abin da Ibrahim Malumfashi ya kira Adabin Kasuwar Kano. Akan raba labari kashi biyu ko uku, marubuci ya kai wa dillalai a Kasuwar Sabon Gari, masu shagunan haya kuma su riƙa bayar da kwafi guda har ya yage. Da yawa daga cikinsu ba su ɗauke da shekarar bugu, wasu ko sunan maɗaba'a babu. Dokar Laburaren Ƙasa ta 1970 ta wajabta wa mai ɗab'i ya ajiye kwafi uku na duk abin da ya buga, amma marubucin da ya ci bashi ya buga littafinsa ba safai yake bi ta kan wannan ba.

Hasarar ba ta tsaya ga sakaci kaɗai ba. A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a bainar jama'a a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin ɓata tarbiyya. A watan Maris na 2016 gobara ta cinye dubban shaguna a Kasuwar Sabon Gari, wadda ita ce cibiyar wannan ciniki. Daɗin daɗawa, da karatu ya koma wayar hannu, marubuta da yawa sun daina bugawa a takarda, littattafan da aka buga sau ɗaya kuwa ba mai sake buga su.

5.0 Sa Hannu

A Turai da Amurka sa hannun mawallafi a kan bugun farko yana ninka kuɗin littafi. Alal misali, Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda kamfanin Heinemann ya buga kwafi 2,000 a Landan a 1958, dubban daloli ake sayen bugunsa na farko a wurin dillalan tsofaffin littattafai, mai sa hannu kuwa ya fi haka. Haka kuma ana neman ƙananan littattafan da ƙungiyar Mbari ta buga a Ibadan a farkon shekarun 1960.

A wurinmu sa hannu ya fi bayyana a bikin ƙaddamar da littafi. Babban mai ƙaddamarwa yakan sayi kwafi kaɗan da kuɗi masu yawa, mawallafi ya sa hannu ya miƙa. To, amma fa kuɗin nan na girmama mutum ne, da taimaka masa ya fanshe abin da ya kashe. Da an watse daga taro kwafin ya koma farashinsa na kanti, in an sake sayar da shi ba wanda zai ƙara ko kwabo saboda sa hannun. Duk da haka, ga mai nazari sa hannun nan yana da wani amfani da ya wuce na dillalin Landan. A littafin da maɗaba'a ba ta sa wa shekara ba, kwanan watan da marubuci ya rubuta da alƙalaminsa yakan zama shi kaɗai ne tabbacin cewa littafin ya riga ya fito a wannan lokaci. Wanda muka samu a buhun Kudenda irin wannan ne.

6.0 Masu Tarawa

In muka duba waɗanda suka tara littattafan Hausa da niyya, za mu ga yawancinsu malaman jami'a ne da cibiyoyi. A nan Kaduna akwai reshen Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa, inda takardun Frank Edgar suke, wato wanda ya buga Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa a Belfast tsakanin 1911 da 1913. Akwai kuma Gidan Arewa, wanda aka fara a 1970 ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Amma waɗannan sun fi mai da hankali ga takardun mulki da rubutun hannu na malamai. Game da littattafan kasuwa kuwa, Farfesa Abdalla Uba Adamu a Kano da Farfesa Graham Furniss a Landan suna cikin waɗanda suka tara su tun ana yi musu kallon raini. A 2004 Furniss da Malami Buba da William Burgess suka buga jerin sunayen littattafai fiye da 700 da suka fito tsakanin 1987 da 2002.

Darasin Onica ya isa ya farkar da mu. Ƙananan littattafan kasuwar wannan gari, waɗanda ake sayarwa da 'yan sulalla a shekarun 1950 da 1960, yaƙin basasa ya tarwatsa kasuwarsu, yau kuwa mai nemansu yakan dangana da laburaren jami'o'in waje, irin na Kansas a Amurka. Ba laifin wanda ya saya ya adana ba ne. Shi ya ga daraja a lokacin da masu abin ba su gani ba.

7.0 Kammalawa

Mu koma kudancin Kaduna inda muka faro. Masaƙar Kaduna Textiles ta fara aiki a Kakuri a 1957, wasu suka biyo baya, dubban ma'aikata masu albashi da ilmin boko suka zauna a unguwannin da ke kewaye, suna sayen jarida da littafi. Masaƙar ta tsaya a 2002, ta UNTL ta rufe a 2007, rikice-rikicen 2000 da 2002 kuma suka sa iyalai da yawa suka ƙetare kogi, wasu zuwa arewa, wasu zuwa kudu. Mai tashi cikin gaggawa ba ya ɗaukar akwatin littattafai, abin da ya rage kuwa gara da yoyon ɗaki suna jiransa.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Na farko, sassan Hausa na jami'o'inmu su haɗa kai su tsara jerin bugun farko, da bayanin bango da girma da maɗaba'a, yadda za a iya gane shi in an gan shi. Na biyu, laburarenmu su ware kuɗi su riƙa saye daga magada da masu shagunan haya a kan farashi na adalci, su kuma sanar da haka a rediyo, domin ranar da iyali suka san tsohon littafi yana da mai saye, ba za su kai shi wurin mai ƙosai ba. Mun san buɗe irin wannan kasuwa yana iya jawo dillalai su kwashe mafi kyau zuwa waje, shi ya sa ya kamata cibiyoyin gida su riga su, su kuma ɗauki hoton duk abin da ya shigo hannunsu. Na uku, marubutan da suke raye, duk wanda ya sa hannu a littafi ya daure ya rubuta rana da wata da shekara da gari, ya kuma ajiye wa kansa kwafi na kowane bugu. Hausawa sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Allah ya sa mu dace, amin.